Abincin Kuttan

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe Filomena Rebelo tana durƙushe ƙarƙashin tebur tana tsince ƙwayoyin shinkafa, sai ga ƙafafun wata tsohuwa cikin silifas sun tsaya a gabanta.

Ɗakin cin abincin yara shi ne aikinta a wani babban jirgin ruwa na fasinja, kuma saura kwana biyu ta san ko har yanzu nata ne. A tafiyar da ta wuce ta ba ɗan wasu mabiya addinin Jain dankali, alhali su ba sa cin abin da aka tono daga ƙasa. Yaron ya cinye, har ya miƙo hannu yana neman ƙari. Uwarsa ta rubuta ƙorafi shafi uku. Takardar tana ofishin kyaftin, mutumin da Filomena ba ta taɓa gani ba sai a hoton da ke bango. Idan jirgi ya isa tashar Kochi zai sa hannu, ko ta ci gaba da aiki, ko ta ja akwatinta ta koma garinsu Margao, inda take da 'ya guda da wannan aikin ke ciyarwa. Tsoro take ji sosai, ko abinci ba ya yi mata daɗi.

Tsohuwar 'yar jihar Kerala ce, sunanta Devaki, sanye da farin zanen sari mai bakin zinariya.

"'Yata, Kuttan ɗina yau kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba."

"Ayya, Mama. Jirin teku ne?"

"Wane jiri? Wannan da kamar a ruwa aka haife shi. Haƙora ne, biyu na ƙasa. Na je gidan abincin sama, komai barkono. Na je na ƙasa, nama kamar roba. Aka ce ke ce mai abinci mai laushi."

Filomena ta duba jerin sunayen yara. 'Yan ƙasa da shekara uku su sha huɗu ne, babu Kuttan a ciki. Hakan bai dame ta ba. A ƙasarsu kowane yaro yana da sunan takarda da sunan gida, na takardar kuwa sai ranar karɓar fasfo ake tunawa da shi.

"Ki kawo shi mana, ga kujeru."

"Ba zai sauko ba. Yana can gaban taga ya ƙura wa teku ido, ka yi masa magana ya ɓata rai. Halin ubansa."

Daga nan tsohuwa ta jero sharuɗɗa. Shinkafa ta dahu luguf, a dama ta da kindirmo, da hannu, ba da cokali ba. Gishiri kaɗan. Ayaba a yanka ƙanana. Kada a sa kurkum, fararen kaya ne a jikinsa kuma da zuba yake ci. Filomena ta tambaya sau uku ko akwai abin da addini ya hana shi, dankali, albasa, ko ma karas. Tsohuwa ta ce babu, taurin kai ne kawai.

Tsohuwa ta bi Filomena har kicin, ta ƙofar da aka rubuta ma'aikata kaɗai. Babu wanda ya tare ta. Bento, babban kuku, wanda ko manaja ya shigo ba ya ɗaga kai, ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

Filomena ta zuba iyakar ƙwarewarta. Ta ɗauko farantin roba mai hoton giwa, ta mulmula shinkafar ta zama fuska, zabibi biyu ido, ayaba baki. Ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa. In ƙorafi ɗaya ya ƙaru, ko Kochi ba za a jira ba.

"Na wa ne wannan?" in ji Bento.

"Na Kuttan."

Bento ya dubi farantin, ya dubi tsohuwa, ya koma kan albasarsa.

"Haɗa masa da ƙyallen wuya," ya ce. "Mai agwagin nan."

Suka hau. Hawa na tara, hawa na goma. Filomena ba ta taɓa wuce na tara ba. Ta ce a ranta lallai masu hali ne, sai ta yi hankali, don ƙorafin masu hali da na'ura ake buga shi. A bakin wata ƙofa mai nauyi tsohuwa ta karɓi tiren.

"Jira nan. Ba ya ci in ana kallonsa."

Minti ashirin Filomena tana tsaye tana addu'a ga duk waliyyin da ta iya tunawa. Ta ƙofar tana jiyo muryar tsohuwa ƙasa-ƙasa: "Buɗe baki. Saura loma ɗaya. Kar ka juya min kai." Ba kuka, ba ƙarar faranti a ƙasa. A wannan sana'ar, shiru irin wannan ko dai alheri ne ko a kira likita.

Ƙofa ta buɗe. Farantin ya fito fes, giwa tana sheƙi.

"Ya cinye tas," in ji tsohuwa. "Ya ce ki shigo ya ga wadda ta yi wa shinkafa ido."

Filomena ta gyara murmushin da take yi wa yara, ta rusuna, ta shiga tana dube-dube daidai tsayin gwiwa. Abin da ta fara gani baƙaƙen takalma ne manya-manya. Ta bi su da ido zuwa sama, farin wando, farar riga. A gaban babbar tagar ɗakin tuƙi Kyaftin Vasudevan Nambiar, ɗan shekara hamsin da takwas, yana goge kindirmo daga gashin bakinsa da ƙyallen agwagi, da ɗayan hannun kuma yana yaga wata takarda mai shafi uku.