Jirgin Bur Sudan Ya Sauka

Fasinja na ƙarshe ya fito, amma Wafa ba ta ga mijinta ba.

Da safe Sharafaddeen ya kira ta ya ce jirginsu na shirin tashi daga Bur Sudan, inda yake aikin akawu. Ba ta gaya masa za ta zo filin jirgin Khartum tarbarsa ba.

Ta tare wani ma'aikaci. "Don Allah, akwai wani jirgin a hanya?"

"Babu, Hajiya. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Kowa ya sauka."

Ta kira lambarsa har yatsunta suka gaji. Can aka ɗauka, amma muryar wani baƙo ce.

"Ke ce matar Sharafaddeen mai raksha, keken haya mai ƙafa uku? Mota ta buge shi a Kasuwar Libiya. Muna asibiti a nan Umdurman, tsallaken kogi daga Khartum."

"Ka yi kuskure. Mijina yana Bur Sudan."

"'Yar'uwa, tun da aka sallame shi daga aiki bara muke jan raksha tare, a ɗakina yake kwana. Ƙafarsa ce ta karye. Ga shi nan yana kuka, yana roƙona kada in gaya miki."