Dankalin Makiyayiya

Tsohuwa mai fararen kaya ta ɓullo daga cikin garken alpaka, dabbobi masu kama da ƙananan raƙuma. Nan take wata yarinya cikin yaran da suka hawo dutsen ta naɗe hannun riga, ta miƙa hannu, ta runtse ido. Sauran yara shida ma suka miƙa nasu.

Jagoransu ya dafe kai. "Haba jama'a! Kun warke daga ciwon daji, na hawo da ku dutse don ku manta da asibiti. Makiyayiya ma sai kun ba ta jini?"

Tsohuwar ta kwance ƙullinta, ta ɗora wa kowa dafaffen dankali a tafin hannu.

Yarinyar ta gaji da jiran allura, ta buɗe ido. Ta daɗe tana jujjuya dankalin.

"Mamita," ta ce wa tsohuwar, wato iya a harshen mutanen wurin, "kafin abinci ake ci ko bayan abinci?"