Wanda Take Kallo

Ya sake mayar da fim ɗin baya, zuwa daidai inda matarsa ke ɗago kai.

Fitowar ƙarshe ce. Tana ninke kaya a falo, sai ta juya wajen ƙofa. Leɓenta ya yi rawa, rigar da ke hannunta ta zame ƙasa, idonta ya cika bai zubar ba. Daga nan hoto ya koma kan jarumin, mai gashin baki, tsaye yana murmushi. Allo ya yi baƙi.

Gari ya ɗauka. Har mai aski sai da ya ce masa, "Wallahi kallon nan ya wuce wasa." Da rabin aski ya bar shagon.

Shi dai bai taɓa samun irinsa ba. Bayan shekarun da ya kwashe a waje yana neman na kansa, ranar da ya dawo ko gida bai shiga ba. Daga tasha ya zarce inda suke ɗaukar fim, da jakarsa mai tsinkakken hannu da ya ɗaure da igiya. Aka ce ya tsaya can baya, ana aiki. Da ta fito, abin da ya samu kawai shi ne, "Sannu da zuwa. Ka rame." Tun daga nan ladabin baƙo take masa.

Ya riga ya yanke: ko fim ko aure. Amma kafin ya furta yana son shaida, don haka ya nufi ɗakin ɗan kawunsa, wanda ya tace fim ɗin.

"Mijin jaruma! Kishi ne ko zazzaɓi?"

"Bar wasa. Nuna min ɗanyen hoton, in ga abin da wancan mai gashin bakin ya yi mata."

"Wa? Ai ranar ba ya nan, haƙori ya je cirewa. Nasa ɓangaren daga baya aka ɗauka, ni na haɗa. Ita kuwa tun safe darakta ke fama da ita, har albasa aka kawo, ta kasa. Kwatsam sai ga wannan."

Ashe ma wani ne daban.

"To wa take kallo?"

Ɗan kawun ya danna, ya bar hoton ya wuce inda ya yanke shi. Rigar ta faɗi. Darakta ya yi kabbara. Mai kyamara ya juyo yana bin idonta, hoto ya yi lilo, ya wuce fitilu da tarin wayoyi, ya tsaya can bayan ma'aikata a bakin ƙofa, kan wani ramammen mutum da ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar jakarsa.