Wanda Bai Tashi Ba

'Yan wasa biyu suka yi karo, suka zube a fili, ɗaya daga cikinsu kuwa ɗanta ne. Kafin ta ga wanda ya motsa, tashar ta ɗauke hoton.

Gari ya fara wayewa a unguwarsu ta Al-Naseem, can Amurka kuwa ana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe na ƙwallon jami'o'i, irin wadda ake sa hular kwano. Masu sharhi suka cike gurbin da jera makarantu, wadda ta fi kaiwa wannan zagaye, wadda ta fi ɗaukar kofi. Ta ɗanta suka sa a sama. Dalilin da yaron ya zaɓe ta ke nan.

"Alhaji, me ya sa ba sa nuna su?"

"Kwantar da hankalinki, Hajiya. Khair, in sha Allah."

Amma mijin nata ya ajiye shayinsa, ya matsa kusa da talabijin. Ita nas ce a sashen gaggawa, ta san makomar wuyan da ya lanƙwashe haka. Ta sulale ƙasa.

Hoton ya dawo. Ga ɗanta a tsaye, hula a hannu.

Alhaji ya yi kabbara. Ita ta kasa. Ana gungura ɗaya yaron a kan gado, an ɗaure masa kai, ko yatsa bai ɗaga ba. Ɗanta, wanda ya kai masa karon, yana biye da gadon yana kuka, ƙarti uku sun kasa riƙe shi.