Mutumin Nan na Gwarzo

Tun hantsi aka kwaɓa lallen, har ya fara bushewa a bakin kwano, amma Inna Uwaliya ta ƙi miƙa hannu. Rediyonta na kan cinya, ta kara kunne kamar mai sauraron numfashin jariri.

Gobe Asabar za a ɗaura auren Kamila, 'yar Muntari, ɗan wan Uwaliya. Uwar yarinyar ta rasu tun tana goye. Uwaliya ce ta yaye ta, ta raine ta har ta gama makarantar ungozoma ta kawo mijin da take so. Abu ɗaya Kamila ta roƙa a bikin nan: Inna ta sa lalle, ta ɗaura anko, ta riƙe hannunta har ɗakinta a Getso. Ba ta da wata uwar da za ta yi mata wannan.

Amsar Uwaliya ɗaya ce tun farkon mako: "In mutumin nan na Gwarzo ya kai Lahadi, zan kai ki."

Kowa a Gude ya san wanda take nufi. Alhaji Ashiru Ɗan-Masaƙa ne, tsohon ɗan majalisa, wanda ya fara da aikin masaƙa a Kaduna kafin siyasa ta ɗaga shi. Yana kwance a asibiti a Kano tun kaka.

Bin lafiyar tsofaffin 'yan siyasa ya daɗe da zama aikin Uwaliya. Duk wanda ya dawo daga kasuwa sai ta tare shi a zaure. Ja'afaru Mai-Lasifika fa, ƙafar ta warware? Ɗanladi Kansila, da gaske an kai shi Masar? Ɗaya bayan ɗaya take kiran sunayensu, ɗaya bayan ɗaya suka yi ta tafiya, tana cewa Allah ya jiƙan Musulmi. A ƙarshe kuma, kamar wadda ta tuna da wani abu maras muhimmanci, sai ta ce, "Shi kuma mutumin nan na Gwarzo?"

Shi kaɗai ne ba ta taɓa kama sunansa ba. Mata suka ce tsana ce, kuma suna da hujja. Shekarar da ya zo kamfen Gude ana raba atamfa da sabulu, ita kaɗai ta mayar da nata, ta shige ɗaki ta turo ƙyaure har motocin suka wuce. Dama mace ce mai taurin kai. Tun tana da ƙuruciya ta dawo daga Kaduna da akwati ɗaya, ta zauna gidan wanta, kuma duk manemin da ya yi sallama, wan nata, marigayi, a zaure yake sallamarsa ba tare da dogon bayani ba.

Sau biyu wayoyin yara suka kashe Alhaji Ashiru a watan nan. Sau biyun Uwaliya ta kulle kanta a ɗaki, mata na cewa dariyarta take ɓoyewa. Sai rediyo ta ƙaryata take fitowa, tana mayar da 'yan kunnenta.

Yau ma tun safe labarin ke yawo. Wani ya ce ya cika. Wani ya ce ɗansa ya yi magana, suga ne ya hau, yana samun sauƙi.

"Ba suga ba ne," in ji Uwaliya. "Ƙirji ne. Ƙurar auduga ce tun ta da."

"Inna likita!" in ji wata, tsakar gida ta ɗauki dariya. Kamila ce kaɗai ba ta yi ba.

Uwaliya ta sa aka kira Muntari daga wajen kafa rumfa. "Hau babur ka tafi Gwarzo. Kada ka tambayi kowa, 'yan siyasa ba sa faɗin gaskiya ko a kan gawa. Ƙofar gidansa za ka duba. In ka ga tabarmi, ka dawo ka gaya mini."

"Haba Inna, ana gobe ɗaurin aure? Ko uban wa ya mutu, ina ruwanmu?"

"Tafi, na ce."

Aka sauko daga Juma'a, Muntari bai dawo ba. Mai lalle ta ƙara ruwa a kwano, ta sake ƙarawa. Kamila ta zo ta durƙusa, ƙafafunta ɗaure da leda, ta kama yatsun tsohuwar. "Inna, don Allah. Hannu ɗaya ma ya isa."

Uwaliya ta dubi yarinyar nan da ta goya har bayanta ya rankwafa. Ta ajiye rediyon a ƙasa. A hankali ta buɗe tafinta, mai lalle ta ɗebo.

Sai ga ƙarar babur a ƙofar gida.

Muntari ya shigo bai ko cire hula ya share gumi ba. "Tabarmi har bakin titi, Inna. Da ni aka sallace shi."

Ta janye hannunta tun lallen bai taɓa shi ba. "Yaushe ya cika?"

"Wai da asuba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ba ta yi dariyar da ake jira ba. Ta zare 'yan kunnenta da awarwaro, ta zuba wa Kamila a cinya, ta ture ankon gefe, ta ce a ɗauko mata farin zanen da ke ƙasan akwatinta.

Kamila ta fashe da kuka. "Kin yi mini alkawari! Wai mene ne haɗinki da mutumin nan?"

Uwaliya ta shafa kanta. "Yi haƙuri, 'yar nan, ba ni da ikon fita. Yaji na yi daga gidansa a Kaduna ina jiran biko. Bai zo ba, bai kuma taɓa sakina ba. Tun asuba takaba ta hau kaina."