Kunyar Amarya

Uwar mijina ta tarar da ni a bayan rumbu, ina dukan ƙirji, lomar tuwo ta tsaya mini ta ƙi wucewa.

Tun da aka kawo ni Gafasa ban ci abinci a gaban kowa ba. Mata suna ta cewa, "'Yar boko, amma ga kunya!" Na ƙyale su. Ni da digirina, ba zan zama abin tausayi ba.

Likita a Gaya ya ce ciwon da ya ƙandarar da fatar yatsuna ne ya kama hanyar abinci, kuma na makara zuwa asibiti.

A mota, a hanyarmu ta komawa gida, uwar mijina ta riƙe hannuna tana hawaye.

"'Yar nan, na fi kowa yabonki. Ashe yunwa nake yabo."