Kakar da Damisa ta Faɗi

Saura minti goma a tashi, baƙin da suka zo daga Misau suna gaba da ci biyu. Sherif Yelwa na tsaye a bakin layi, hannu a aljihu, bai canza ɗan wasa ko ɗaya ba.

Shekararsa talatin da ɗaya. Ko ƙungiyar unguwa bai taɓa horarwa ba sa'ad da Alhaji Zarami, shugaban Damisar Guddiri, ya danƙa masa ƙungiyar. Malam Jalo, wanda ya riƙe ta shekara goma sha huɗu har ya kai ta rukunin ƙwararru, ya ajiye aiki ba zato, ya ce ya gaji. Shi ya ba da sunan Sherif, tsohon kyaftin ɗinsa.

Tun wasan farko aka ga alama. Sherif ya ɗauko Babakura, mai tsaron baya, ya kai shi gaba. Wanda ya fi kowa cin ƙwallo kuma ya zaunar da shi a benci wasa shida. Tsarin da yake jerawa, rabon da a gan shi a fili an fi shekara goma. In wasa ya juya, ba shi da wata dabara, sai tsayuwa.

Wata rana bayan atisaye Babakura ya tare shi.

"Koci, don Allah, kai me kake gani? Ni ban san gaba ba."

"Haka za a yi," in ji Sherif, ya sunkuyar da kai.

Wasa goma sha tara, nasara biyu. A kasuwar Azare masu shayi suka daina gaishe shi. Matarsa Hanan ta daina zuwa biki, don ba ta iya jure maganar mata. A fili kuwa waƙa ɗaya ake yi: a dawo da Malam Jalo.

Da alƙalin wasa ya hura tashi a wasan nan da Misau, Damisa ta faɗa rukunin ƙasa. Babakura ya zauna a tsakiyar fili yana kuka. Dutse ya fito daga cikin 'yan kallo, ya fasa wa Sherif goshi. Bai rufe fuska ba, bai gudu ba. Kafin la'asar ta yi sanyi an sallame shi daga aiki.

Washegari Alhaji Zarami ya nufi gidan Malam Jalo, da niyyar roƙonsa ya dawo ko da zai durƙusa. Ya tarar da tsohon a kan tabarma a zaure, ya rame. Alhaji ya yi gaisuwa har sau biyu. Malam ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Tun bara ne, Alhaji," in ji Hajiya Ya Gana, matar Malam, daga bakin ƙofa. "Wani lokacin ni ma sai ya tambaye ni wace ce. Ɓoyewa muka yi, don kada gari ya ji."

Alhaji ya yi wa Malam fatan samun sauƙi. Yana shirin tashi sai ga sallama. Sherif ne, goshi a ɗaure. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban tabarmar kamar wanda ya saba.

Nan take fuskar tsohon ta washe.

"Kyaftin! Yaya wasan jiya?"

Sherif ya saci kallon Alhaji, idanunsa suka cika.

"Mun ci, Malam."

"Ai na gaya maka," in ji Malam Jalo, yana dafa kafaɗarsa. "Tun farkon kakar nan duk yadda na ce ka jera su haka ka jera, ba ka taɓa saɓa mini ba. Shi ya sa har yau ba a ci mu ba."